Gam ɗin da ke Shafi na Talatin da Bakwai

Asabar ce, takwas ga Nuwamba, 2008. Na tashi ƙarfe shida na kwaɓa fulawa, na gasa plachinta, wato wainar fulawa mai cuku, guda shida, irin wadda ɗana Octavian yake so. Tavi muke ce masa. Shekararsa talatin da uku, direban bas mai lantarki ne a nan Balti.

Takwas da rabi ya kira ni a waya.

"Mama, kina nan da ranki?"

"Ina nan. Ba ka fita aiki ba?"

"Yau mutanen gari su taka da ƙafa, su rage tumbi. Tayil goma sha ɗaya suka zubo a banɗaki ranar Laraba, saura ƙiris su fasa wa Viorica kai. Yau zan mayar da kowa gidansa."

"Ka sayo gam?"

"Ɗanki ne ni ko ɗan minista?"

Na yi dariya. Ban tambaye shi da me zai manna ba.

Ƙarfe goma na isa gidansu, hawa na huɗu. Matarsa Viorica ce ta buɗe mini, da allura soke a wuyan rigarta, don tela ce, a gida take ɗinki. Tavi ya fito daga baranda rigar sanyinsa duk ɓurɓushin farin soso, irin marar nauyin nan da ake kare kaya da shi a cikin kwali. Sun sayi firiji a watan da ya wuce, kwalin yana baranda har lokacin. Viorica ta kakkaɓe masa kafaɗa.

"Dubi mijina, Mama. Gari duk bai ga dusar ƙanƙara ba, shi kaɗai ta sauko wa."

Ƙarfe sha ɗaya tsoho Trifan, maƙwabcinsu na ƙofar da ke kallon tasu, ya shigo da silifas, wai ya ji ana ƙwanƙwasa bango. Ya leƙa banɗakin ya girgiza kai.

"Injiniya, ka ji ta bakin babba. Fentin mai ka kwaɓa da siminti. Ni da shi na manna nawa tun kana tsumma."

"Baba Trifan, naka ai kyankyasai ne suka riƙe su ta baya. Ranar da suka yi ƙaura bangon zai biyo su."

"Marar kunya. Malama Liuba, haka kika tarbiyyantar da shi?"

"Ya fi ƙarfina," na ce.

"Ni sirrin gidanmu gare ni," in ji Tavi, ya kashe mini ido.

Na ɗauka farin gam na kafinta da siminti yake nufi. Nan ma ban tambaya ba. Daga baya aka ce akwai kwalbar fetur a baranda tun safe. Shekara ashirin da huɗu a ɗakin gwaji sun kashe mini hanci, ban ji komai ba.

Sha biyu muka ci abinci: miyar kaza, tuwon masara, da plachintar da na kawo. Tavi ya ci uku. Ɗaya saura kwata na tashi. Ya rako ni ƙofa, ya sumbace ni a goshi hannayensa a baya don kada ya shafa mini ƙura.

"Bar kwanonki, zan kawo miki Litinin."

Ɗaya da ƴan mintuna ya shiga banɗaki da kwaɓinsa, ya ja ƙofa saboda kada wari ya shiga yadin mutane da Viorica ke ɗinkawa. Banɗakin ba shi da taga. Hitar ruwansu mai gas a ciki take, a saman baho, sabuwar irin nan da ba ta da wuta a kunne sai an buɗe famfon ruwan zafi, sannan ta yi ƙyas-ƙyas ta kama da kanta. Ɗaya da minti ashirin Viorica ta buɗe ruwan zafi a kicin za ta wanke kwanonin da muka ci abinci. Hita ta yi ƙyas-ƙyas, banɗakin ya kama da wuta.

Tavi ya yi kwana uku a asibiti a Chisinau, babban birni. Bai farka ba. Likita ya faɗa mini kashi nawa na jikinsa ya ƙone, na kuma san abin da wannan lamba take nufi. Ya rasu ranar Talata da hantsi.

Viorica ta yanke wa kanta hukunci tun a motar asibiti: hannunta ne ya buɗe famfon. Ni kuwa na san inda kwaɓin ya fito. Na kwana arba'in ban faɗa mata ba.

Sai na koma baya kafin a gane.

Na karanta ilimin sinadarai a jami'a, na yi aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar tumatir da ƴaƴan itace. Mijina Filip ya rasu Tavi yana shekara goma sha huɗu. Na so yaron ya yi jami'a kamar ni. Ya ƙi. Tun yana ƙarami idan muka shiga bas sai ya tsaya bayan direba yana kallon hannunsa, kuma abin da ya zama ke nan. Ya yi shekara goma sha biyu a kan layi ɗaya. Tsofaffin matan da ke zuwa kasuwa da sassafe sun san shi, don yakan jira su idan ya hango su a madubi suna jan jaka. In sandunan da ke haɗa bas da wayar lantarki suka zame a cikin sanyi, yakan sauka ya mayar da su yana waƙa, fasinjoji suna zaginsa ta taga, yana rama musu ɗaya bayan ɗaya.

Bai taɓa yarda ya sayi abin da zai iya haɗawa ba. Ba rowa ba ce. Mu da muka ga farkon shekarun casa'in haka muka fito. Kantuna sun zama fanko, masana'antarmu ta rufe, wanda abu ya lalace masa sai dai ya duba abin da ke cikin gida. Aka yi ta manna tayil da duk abin da ya samu: ragowar fenti, kwalta da aka narkar a gwangwani, gam ɗin takardar bango da aka zuba wa alli. Kowane bene da gwaninsa. A benenmu ni ce, tunda ni ce mai digiri.

Ina da wani littafin rubutu mai koren bango. A cikinsa nake ajiye komai: yadda ake jiƙa kokwamba a ruwan gishiri, yadda ake dafa ceri da sukari ya kai hunturu, yadda ake sabulu da kitse. Na sa wa shafukan lamba, halin aiki. Shafi na talatin da biyar fentin mai da siminti ne, na rubuta a gefe cewa yana jinkirin bushewa. Na talatin da shida farin gam da siminti da yashi. Na talatin da bakwai shi ne farin soso da ake narkarwa a fetur ya zama ƙullu mai danƙo. Layi huɗu ne kawai. A ƙasa na ja layi na rubuta: wannan ya fi duka kamawa.

A damina ta 1994 muka gwada shi, ni da Tavi, yana da shekara goma sha tara. Muka manna tayil ashirin da shida a banɗakina, ƙofa a rufe, muna tari muna dariya. Hitata ma a banɗaki take. Babu abin da ya faru, domin a shekarar an yanke gas a unguwarmu tun daga Mayu har Oktoba. Babu wuta a bututun kowa. Wutar lantarki ma rabin yini ake ba mu. Shi ya sa ban rubuta a rufe gas ba, ban rubuta a buɗe ƙofa ba. Na san tururin fetur ya fi iska nauyi, na san abin da ƙyastu ɗaya ke yi masa, na koyar da ƴan koyo wannan a ɗakin gwaji. Amma a wancan lokacin ba abin da za a rufe, ni kuma abin da muka yi kawai na rubuta.

Tayil ɗin nan ashirin da shida suna nan har yau. Tavi yakan buga su da ɗan yatsa duk sanda ya zo, ya ce, "Kin ji? Abin da Mama ta rubuta ko fada ba ya gyara shi." Ya yarda da rubutuna fiye da yadda ya yarda da takardar da ke jikin buhun kanti. A watan Satumba ya ari littafin don Viorica ta jiƙa kokwamba.

Ranar Laraba, washegarin rasuwarsa, na je gidan ɗauko kwat ɗin da za a sa masa. Banɗaki da lungun da ke gabansa sun yi baƙi, sauran ɗakunan hayaƙi ne kawai ya shafa. A baranda, a kan ƴar kujera, na ga littafin a buɗe, ya danne shafin da sifana don kada iska ta juya shi. Na karanta layukan huɗu a tsaye. Na rufe, na sa a jakata, na mayar da sifanar kan kujerar.

Wani jami'in kashe gobara ya zo da takarda bayan jana'iza. Ya tambayi Viorica a ina mijinta ya koyi wannan haɗi. Ta ce ba ta sani ba. Ya juyo ya tambaye ni. Na ce mutane da yawa sun yi irinsa a da. Gaskiya ce. Ya rubuta, ya tafi.

Viorica ta dawo gidana, tunda nasu ba ya zaunuwa. Na ba ta ɗakin Tavi na ƙuruciya. Ba ta kuka da ƙarfi, ba ta kuma ɗinki. Abin da na fara lura da shi, ba ta taɓa famfon ruwan zafi. Da ruwan sanyi take wanke-wanke, da shi take wanka, a watan Disamba. Idan ni na buɗe, hita ta kama, sai ta fita baranda ba riga mai nauyi ta tsaya har in rufe. Hannayenta suka tsattsage, gaɓoɓin yatsunta suna jini.

"Ƴata, bari in dafa miki ruwa a tukunya."

"A'a, Mama. Na fi son haka."

Wata rana tana goge faranti ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kwano huɗu ne da tukunya ɗaya. Da na bar su zuwa yamma me zai faru?"

"Ba ki sani ba ai."

"Na ji warin fetur. Ni hancina lafiya lau. Na ji, na ce a raina aikinsa ne, na buɗe."

Na ce mata ƙaddara ce. Ni da ban taɓa amfani da wannan kalma ba a rayuwata.

A wajen cin abincin kwana tara, wata ƴar'uwar Filip ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta san za a ji, "Miji na fama da fetur, uwargida na wanke cokali." Viorica ta ji. Ni ma na ji. Na miƙa wa matar burodi.

Zan faɗi dalilina yadda yake. Ba ɗaurin gidan yari nake tsoro ba, ba wanda zai kai tsohuwa kotu a kan littafin girki. Viorica ce kaɗai ta rage mini da ke ce mini Mama, ita ce ta san yadda yake tari da safe da yadda yake cire takalmi ba tare da ya kwance igiya ba. Muddin tana ganin laifinta ne, tana zaune a gidana tana neman in yafe mata, ni kuma ina yafewa kullum. Na san abin da nake yi. Littafin yana ƙasan akwatin zannuwan gado, ina taɓa shi duk ranar da na canza shimfiɗa.

Kwana arba'in ya faɗo ranar Asabar, ashirin ga Disamba. Bayan addu'a a coci da zuwa kabari, aka dawo gidana rabon kayansa. Kowane abu a kan tebur ake miƙa shi, da kyandir a kunne da kewayayyen burodi, mai karɓa ya ce bogdaproste, wato Allah ya gafarta, don abin ya isa ga mamacin a can. Ba a ɓoye komai, ba a barin komai a kabad.

Viorica ce ta wanke kayan ta goge, ta jera su ɗaki-ɗaki. Rigar sanyinsa ta aiki aka ba Anatol, abokin tuƙinsa, wanda suke karɓar bas ɗaya. Ya sa ta nan take, hannun ya wuce yatsunsa.

"Ko a mace sai ya nuna mini ya fi ni tsawo," ya ce, ya juya fuska wajen bango.

Takalman hunturu aka ba ɗan ƴar'uwar Viorica. Agogon Filip da Tavi ya gada, na ba ubansa na baftisma. Akwatin kayan aiki, da kwalabe goma sha bakwai na kusoshi da noti da ya rarrabe bisa girma, aka tura gaban tsoho Trifan. Shi ne ya fasa ƙofar banɗakin a ranar, bayan hannunsa na dama har lokacin a naɗe yake. Ya daɗe yana kallon kwalaben.

"Na ce masa fenti," ya ce. "Kina wurin, Malama Liuba. Na ce masa fenti da siminti. Wai sirrin gidansu."

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Ya karɓi kyandir ɗinsa, ya faɗi kalmar, ya zauna.

Ƙarfe uku baƙi suka watse. Muka rage mu biyu da tebur cike da faranti. Burodi ɗaya ya saura, da kyandir ɗaya. Viorica tana tattara cokula ta tsaya.

"Mama, littafinki kore fa? Yana wajenmu tun Satumba. Na duba ko'ina ban gan shi ba. Ya ƙone ne?"

Da na ce e, da shi ke nan. Na dubi hannayenta a kan cokulan. Ta naɗe yatsu biyu da ƙyalle, jini ya ɓullo ta cikin ƙyallen.

Na shiga ɗaki na ɗauko shi. Na kunna kyandir ɗin da ya rage, na ɗora littafin a kan burodin, na miƙa mata ta kan tebur kamar sauran.

"Wannan ai naki ne, ba nasa ba."

"A hannunsa yake ranar. Buɗe talatin da bakwai."

Ta ajiye kyandir a cikin kofi, ta buɗe. Akwai tabon mai a tsakiyar shafin, inda sifanar ta kwanta. Layi huɗu ba sa ɗaukar lokaci, amma ta karanta su ya fi sau uku, ina ganin idonta yana komawa sama. Ta juya shafin ta duba bayansa. Sabulun kitse ne a can.

"Rubutunki ne."

"Nawa ne."

"Ba ki ce a rufe gas ba."

"Babu gas a shekarar. Ban koma na ƙara ba."

"Yaushe kika gan shi?"

"Ranar da na je ɗauko kwat. A baranda, a buɗe."

Ta shiga lissafin kwanakin, na ga leɓenta yana motsi.

"Mutumin nan mai takarda ya tambaye ki."

"Ya tambaye ni."

"Matar nan ta yi maganar cokali kina zaune."

"Ina zaune."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe littafin, ta riƙe shi da hannu biyu. Sai ta ce bogdaproste, a hankali, kamar yadda kowa ya faɗa, ta kai shi ɗakinta.

Da ta fito ta kwashe farantan zuwa kicin. Ina zaune a inda ta bar ni na ji hita ta kama a banɗaki. Ta daɗe tana ci. Na je bakin ƙofar kicin, tururi ya rufe gilashin taga, Viorica ta kwance ƙyallen ta sa hannayenta duka biyu a ƙarƙashin ruwan. Na ɗauki tawul zan goge farantan.

"Bari, Malama Liuba," ta ce. "Zan gama."

Ranar Talata yayanta ya zo da mota ya mayar da ita ƙauyensu, ita da keken ɗinkinta da littafin. Takan aiko mini da kati a bikin Ista, da sunanta kawai. Na ji ta koma ɗinki.

Gidan nasu an sayar da shi a bazara. Firijin aka ba wata mai ƴaƴa uku a hawa na biyu. Kwanona da Tavi ya ce zai kawo ranar Litinin, Trifan ya kawo mini shi a wanke. Tayil bakwai da bai kai ga mannawa ba sun farfashe a wutar, an share su da toka. Huɗun da ya riga ya manna, maginin da sabon mai gidan ya ɗauko ya ce wa Trifan sai da ya sa kurfi da guduma, kuma da filastar bangon suka fito.